Fatar Ragon Suna

'Ya'yana, Maryam ce ta jawo wannan babin, don haka in ya yi muku tsawo ita za ku kama. Ranar sallar da ta wuce muna zaune a gidan Faisal a unguwar Shisha, nan Makka, ana shan shayi, sai na ji tana gaya wa matarsa cewa babanku, Allah ya jiƙansa, ƙyamar sana'ar kakanku yake yi, wai da gangan ya bar fatar ragon sunan yayanku a mayanka don kada a kawo masa wari gida, wai shi ya sa kakanku ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Da Larabci take faɗa, hankalinta kwance, kamar a gabanta aka yi. Na san inda ta samo shi. Labarin Gwaggo Tumba ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi ta maimaita shi har ya zauna wa Maryam daram. Ban tanka a wurin ba saboda akwai baƙi, amma na dawo gida raina a ɓace. Bawan Allahn nan yana kwance a kabarinsa, ba zai tashi ya kare kansa ba, kuma ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi. Da Hausa zan rubuta, don da ita abin ya same ni. Wanda tasa ta gaza ya nemi mai karanta masa.

Mahaifina majemi ne, ubansa majemi, kakansa ma haka. Daga wani ƙauye ya fito a ƙasar Sakkwato, a bakin fadama, inda ya ce da damina ba ka bambance mai sana'a da marar ita, kowa yana duƙe a gona. Sai an kai amfani rumbu kowa yake komawa ga abin da ya gada. Maƙeri ya hura wuta ya shiga gyaran garma da lauje, masassaƙi ya nufi daji neman icen turmi da ƙota, matan bayan gari su kwaɓa yumɓu, masaƙa su ja zare a ƙarƙashin tsamiya. Baduku yana jiran majemi, majemi yana jiran mahauci. Ba a cika biyan ladan aiki nan take ba, sai kaka ta yi ka ga jakuna suna sauke dammunan gero a ƙofar gida, wannan na fatar guga ne, wancan na salkar ruwa. Ni a nan unguwar Hindawiyya aka haife ni, ban taɓa taka garin ba, amma don yawan jin labarinsa ina iya nuna muku inda majemar take, can ƙasa da gari, wajen da iska ba ta komo da wari. Baba yana sabon aure ya zo aikin hajji shi da Inna, da niyyar su koma kafin shuka. Allah bai nufa ba. A nan bai sami gona ba, bai sami fadama ba, amma ya sami fatu, har ya ce shekarar farko da ya ga yadda ake zubar da su bayan layya sai da ya yi ƙwalla.

A saman soron gidan hayarmu ya kafa majemarsa. Kwatarniyoyi a jere, wata ta toka, wata ta bagaruwa, ga gungume a jingine inda yake kwantar da fata ya kankare ta da wuƙarsa mai mariƙi biyu. Ruwa a kafaɗa ake hawo da shi a lokacin, don haka ko ɗigo ba ya wasa da shi. Bagaruwa yana samu wajen Sudanawa masu sayar da magunguna. Kashin tantabara kuwa, wanda ake jiƙa fatar akuya a ciki don ta yi laushi, yakan ce duk duniya babu majemin da aka yi wa gata irin nasa, tunda tantabarun garin nan an hana a taɓa su amma ba a hana share abin da suka bari ba, kuma har soro suke kawo masa. Karan dafi ne kawai sai daga gida, jan karan nan da ake rina fata da shi, duk shekara wani ɗan garinsu yake ƙullo masa a cikin kayan hajji. Ni aikina dakan bagaruwa da tankaɗe. Tun ina 'yar mitsitsiya nake tsugune ina kallonsa har na isa aure, amma bai taɓa miƙo mini wuƙar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Jima ta maza ce, ni kuwa ni kaɗai Allah ya bar musu. Hannuwansa baƙi ƙirin suke har wuyan hannu, kuma warin yana bin mu, ba zan ɓoye muku ba. A makaranta 'yan mata sun sha matsawa in na zauna.

Abin sayarwarsa daban ne, buzaye ga alhazai, jar fata ga wani baduku mai ɗinka takalma da gafaka. Amma akwai aikin da ba ya karɓar komai a kansa. A gidansu, duk yaron da aka haifa, fatar ragon sunansa ba ta fita waje. Tana da ɗuminta ake ɗauko ta a zuba mata gishiri, a jeme ta da gashinta, a yi mata baki da jar fata. A kanta ake kwantar da jariri, a kanta yake koyon zama, a kanta yake fara biya karatu, in ya girma ita ce abin sallarsa. Nasa buzun, wanda ubansa ya jeme masa, ya taho da shi tun daga gida, gashin ya ƙare ƙaf a wurin gwiwa da goshi. Nawa kun san shi, shi ne wanda kuke jan gashinsa kuna yara ina korar ku. 'Yan ƙasarmu na unguwa duk sun ɗauki al'adar. In an yi haihuwa aka kada rago a ƙofar gida, kafin a gama fiɗa za ka ga Baba tsaye da ƙunshin gishirinsa. Ba a aika masa, shi ma ba ya tambaya, don kowa ya sani.

Babanku ne bai sani ba. Shi ma Bahaushe ne, amma kakansa ne ya zo garin nan, ubansa a nan aka haife shi, Hausar gidansu ta koma ta gaisuwa da ta faɗa. A unguwar Rusaifa aka kai ni aure, hawa na farko a wani bene, tare da mahaifiyarsa da kuke kira Sittu. Yana ganin girman Baba ƙwarai. In ya je gaishe shi sai ya rungumo shi ya sumbaci kansa yadda ake yi a nan, shi kuwa tsohon duk ya takure, ya kau da fuska, ya amsa a gajarce, domin a wajenmu suruki ba ya sakin jiki da mijin 'yarsa. Babanku ya ɗauka ba a son sa. Baba kuma ya ce wa Inna yaron kirki ne, sai dai kunya ta yi masa kaɗan. Ko sau ɗaya ba su taɓa zama sun yi hira ba, kuma babanku bai taɓa hawa soron nan ba, don ba a gayyace shi ba. Buzuna yana shimfiɗe a ɗakina yana gani kullum, a zatonsa kayan ado ne.

Duk maganar da za ta bi tsakanin mutanen nan biyu ta bakin Inna take bi. To, Inna ta rasu ina da ƙaramin ciki. Da tana raye, da gida zan koma haihuwar fari, a kawo rago Hindawiyya a yanka a ƙofarmu, da babu wannan labarin. Da babu ita, sai aka ce in zauna a ɗakina, Gwaggo Tumba ta zo ta yi mini wankan jego. A shekarar nan kuma mai gidan hayarsu ya rasu, gidan ya koma hannun 'ya'yansa, unguwa ta cika da sababbin maƙwabta da ba su saba da warinmu ba. Babban ɗan ya hau soro ya sami Baba. Gwaggo tana shanya a wurin, ita ta ba ni labari.

"Ya Hajji, ka yi haƙuri, maƙwabta sun dame mu da ƙara. Wannan aikin ya isa haka."

"Na ji, kuma kuna da gaskiya," in ji Baba. "Ku bar ni da kwatarniya guda. Aiki guda yar rage min. In na gama shi, ba ku ƙara jin wari."

Bai faɗi ko wane aiki ba ne, don ba zai ambaci cikin 'yarsa da bakinsa ba. Ya daina karɓar fatun mutane, ya kife sauran kwatarniyoyin, ya bar ta bagaruwa. A hajjin shekarar ba wanda ya kawo masa karan dafi, aka ce an rage shuka shi tunda rini ya zo a gwangwani. Ɗan abin da ya rage masa ya tattara ya rina fatar akuya guda, ya yanke ta tsaf don bakin buzu, ya naɗe ya ajiye. Watanni ya yi yana ba maƙwabta haƙuri a kan fatar ragon da ko sayen sa ba a yi ba.

Yanzu sai na yi muku bayanin wani abu, ku da matanku suke ɗora hoton ciki a waya duniya ta gani. A yadda aka tashe ni, mace ba ta zancen cikinta na fari, ko da mijinta. In ta haihu ba ta kiran sunan ɗan, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In yana kuka sai an miƙo mata shi, ta karɓa tana kallon gefe. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna gidan da yarinya ta fito. Kun ga har yau ban taɓa kiran sunan yayanku ba, kuna mini dariya. Ni na riƙe abin da hannu biyu, don na san ana jira a ga ko haihuwar Makka marar uwa za ta yi abin faɗa. Ban taɓa yi wa babanku zancen buzu ba. A tunanina ma babu buƙata, tunda rago a ƙofar gida ake yanka shi, Baba kuma zai zo.

Da safiyar suna ɗakina cike yake da tsofaffin matan Hindawiyya, Gwaggo tana dama mini kunun kanwa, Sittu tana zaune kusa da ƙofa. Babanku ya leƙo da makullin mota a hannu, ya yi wa mahaifiyarsa magana da Larabci.

"Ummi, na tafi kasuwar dabbobi. A can zan saya, a yanka a mayanka, a gyara, in kawo nama kawai. Mai benen ya ce ba a zubar da jini a ƙofa."

"Tayyib. Ka hanzarta, mai dafuwa yana jira."

 Larabcin Gwaggo na cefane ne, ba ta kama komai ba, sauran matan kuma hirarsu suke sha. Sittu ta ji, amma ba ta san zancen fata ba. Duk ɗakin ni kaɗai na ji maganar kuma na san abin da take nufi. Ba wani dogon bayani ake buƙata ba, in ce masa ya dawo da fatar, shi ke nan. Amma a gaban uwarsa, a gaban gwaggona, in ɗaga murya in yi wa mijina zancen ragon ɗana na fari. Na ɗago kai, har na buɗe baki. Gwaggo ta dube ni.

"Mi na na, ɗiyata?"

"Ba komai, Gwaggo."

Wata tsohuwa a gefe ta tafa hannu ta ce, "Ku dubi ɗiyar Majemi. Tun da anka haihu ko kallon yaron ba ta yi ba gaban mutane. Haihuwar Makka, amma tarbiyyar gida."

Na sunkuyar da kai ina jin takunsa yana sauka. Na ce wa raina ai za su haɗo masa da fatar, wa zai sayi rago ya baro fatarsa? Da wannan na lallashi kaina, kuma ko a lokacin ban yarda da shi sosai ba.

Tagar ɗakina tana saman ƙofar benen, ina iya leƙe ta tsakanin katakai ba a gan ni ba. Ba da jimawa ba na hango Baba ya sauko daga tasi, cikin farar rigarsa ta Juma'a, da ƙunshin gishiri a hammata. Ya duba dama ya duba hagu yana neman inda aka ɗaure rago. Bai gani ba, bai kuma tambayi kowa ba. Ya zauna a kan matakala, rana tana cim masa yana matsawa inuwa. A nan ma da na aika yarinya ta gaya masa, da wataƙila ya bi su ya tarar ba a gama ba. Amma in aika in ce me, a gaban wa? Ina nan ina leƙe ina komawa har motar babanku ta tsaya. Ya fito yana fara'a, ya buɗe baya ya fara sauke nama a ledoji. Baba ya miƙe ya bi ledojin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da aka sauke ta ƙarshe, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya fara yi wa surukinsa magana, idonsa a ƙasa.

"Ina fata?"

"Wace fata, ya Ammi?"

"Ta ragon."

"Ai a can ake barin ta. Kowa a can yake bari."

 Gwaggo ce ta jiyo, ta sauka da gudu zane a hannu.

"Kai! Fatar ɗanka kab baro ma mahauta? Buzun yaron fa? Tsohon ga wata nawa shina jiran ranar ga?"

Na ga ledar hannun babanku ta suɓuce. Ya dubi Gwaggo, ya dubi ƙunshin gishirin, fuskarsa ta canza.

"Wallahi ban sani ba. Wallahil azim ba wanda ya gaya mini. Yalla, ya Ammi, shiga mota."

Wannan shi ne mutumin da aka ce muku yana ƙyama. Ya bar baƙinsa tsaye ranar sunan ɗansa ya koma mayanka. Abin da ya faru a can shi ya ba ni labari daga baya. Sun tarar da fatu tsibi guda a bayan ginin, na safiyar duka an haɗe, ana shirin loda su a babbar mota. Ya roƙi masu aikin su dakata. Baba ya naɗe hannun farar rigarsa ya shiga juya su. Shi bai taɓa ganin ragon ba, bai ma san abin da yake nema ba, sai ya tambayi kamanninsa. Babanku ya ce fari ne mai baƙin kai. To, rabin tsibin farare ne masu baƙin kai. Shi ma ya duƙa, da farar jallabiyarsa, cikin jini da ƙuda, suna juyawa tare har azahar ta wuce. Daga ƙarshe ya ɗago wata.

"Ya Ammi, wannan ta yi kama da ita."

"Ita ta, ko ta yi kama?"

Ya ce da zai iya yin ƙarya a ranar da ya yi, amma bakinsa ya ƙi. Ya ce masa bai tabbata ba. Sai ya ce to su koma kasuwa ya sayi wani ragon a yanka a gaban Baba.

"Allah shi yi ma albarka," in ji Baba. "Amma ragon suna guda na, kuma an yanka shi."

Da la'asar suka dawo, duk sun ɓaci. Aka ba Baba ruwa ya wanke hannu, aka zauna aka raɗa suna, a nan ya ji cewa sunansa aka sa wa yaron, shawarar babanku ce tun kafin haihuwa. Aka miƙa masa jaririn cikin bargon kanti, ya yi masa addu'a doguwa. Da zai tafi ya kira Gwaggo ya miƙa mata ƙunshin gishirin ya ce a kai madafa a sa a miya. Ina bayan labule ina ji. Ban yi kuka ba, don ko wannan ba ni da damar yi a gaban mata.

Sai bayan arba'in na je Hindawiyya. Na hau soro na tarar an share shi fes, babu kwatarniya, babu gungume, babu wari. Cikin makon sunan ya zubar da bagaruwar, ya sauka ya gaya wa ɗan mai gida ya cika alkawari. Jar fatar da ya tanada ya ba baduku, aka yanka ta aka yi igiyar takalma. Wuƙar ya ba wani alhaji mai komawa ya kai wa danginsa. Na same shi zaune a kan tsohon buzunsa, baƙin hannuwansa har ya fara kodewa. Na ajiye masa yaron a cinya. Muna mu biyu ne, sai na daure.

"Baba, ranar nan na ji shi sadda ya ce nama kawai zai kawo. Da kunnena na ji."

Ya daɗe yana juya ƙafar jaririn a tafin hannunsa.

"Gaban uwa tai yaf faɗi?"

"E. Da Gwaggo, da mata cike da ɗaki."

"To kin yi daidai. Da kin buɗe baki, ni za a zaga, a ce ban yi tarbiyya ba. Uwarki ma haka za ta yi."

Da gaske yake, ba lallashi na yake yi ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi abin da aka koya mini, an yaba mini a ɗaki, ga ubana ma ya yaba mini, kuma ga soro an share. Har yau in na tuna raina yana ƙuna, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Na ce masa ya riƙa zuwa yana ganin mai sunansa, sai ya girgiza kai.

"Duk ɗiyan unguwar ga ni nij jeme musu. In zo gidanku in iske mai sunana bisa bargon kanti? A'a. Ku dai kawo min shi."

Wannan shi ne ɗauke ƙafar da kuka ji. Ba fushi ba ne, nauyi yake ji, yana ganin kamar shi ya gaza wa jikansa. Babanku kuwa duk Juma'a sai ya kwashe mu ya kai mu. Su zauna a tabarma ɗaya, wannan yana kallon gabas wancan yana kallon yamma. Ya taɓa aika Gwaggo ta ce masa zai nema masa fili a bayan gari ya ci gaba da aikinsa, Baba ya ce ya gode, jiki ya gaji. Daga nan ya koma zaman ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa, mutumin da ban taɓa gani zaune haka kawai ba. Yayanku bai fara tafiya ba Baba ya rasu. Ba zan ce fata ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma aikin da ya roƙi a bar shi ya yi na ƙarshe bai yi shi ba, kuma ni na san inda abin ya kuɓuce. Gwaggo tana son wanda za ta ɗora wa, ta ɗora wa babanku. Na gaya mata gaskiya, ta ce mijina nake karewa. Shi kuma ba ya mayar wa babba magana, ya bar ta a haka.

Da na haife ki, Maryam, ranar sunanki ɗakin cike yake da matan nan dai. Babanku ya leƙo da makulli a hannu. Kafin ya yi magana na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ka dawo da fatar."

Aka kwashe da dariya, wata ta ce yau mai jego ta yi baki. Shi bai yi dariya ba. Ya tsaya a kan mahaucin har aka feɗe, ya naɗo ta da hannunsa ya kawo mini da ɗuminta. Na zuba mata gishiri na ajiye. Ya zaga garin nan yana neman majemi, har Jidda ya aika, ba a samu wanda zai yi ta da gashinta ba. Sai na ce ni zan yi, ai a gabana aka yi dubu. Sittu da kanta ta sayo mini bagaruwa, na daka na tankaɗe, wannan kam na iya. Na sa baho a baranda, na kankare da wuƙar madafa. Na san abin da ake yi bayan wane, amma ban san yawan ƙarfin da ake sa wa wuƙa ba, ban san yadda fata take a hannu in ta ƙoshi ba, don ban taɓa taɓawa ba. Na huda ta wuri biyu. Warin ya cika gidan, Sittu turare kawai take ƙarawa. Gashin ya fara zubewa dunƙule-dunƙule, abin da ya rage kuma ya bushe ya ƙandare kamar faifai. Na zauna a gabanta na yi kukan da ban yi ba shekarun baya.

Babanku ne ya ɗauke ta. Bai bari mai gadin benen ya taɓa ba, shi ya sauka da ita ya zubar. Ya dawo ya wanke hannu, ya zauna a bakin gado, ya kira sunana, abin da ba ya cika yi.

"Hajara, ranar nan, da ko da ido kin yi mini alama, da na tsaya."

"Na sani," na ce.

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Da aka haifi Faisal, ranar suna ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, ni yake kallo yana jira. Na girgiza masa kai. Ya tafi ya kawo nama kawai.